Hamajoɗa Biyu, Kati Ɗaya

Da hantsi aka kira Sufeto Nu'uman zuwa asibitin wata ƙungiyar agaji a Damare. Wani manomi, Hamajoɗa Buba, ya rasu jiya da safe, minti goma bayan allurar fenisilin. Jikinsa ba ya karɓarta.

Nas Keturah ce ta yi allurar. Ta rantse ta duba kwamfuta, ba ta ga gargaɗi kan fenisilin ba. Da aka buɗe, ga gargaɗin nan da jan rubutu. Shugaban asibitin ya ce a tafi da ita. Aka tafi da ita ofishin 'yan sanda.

Sufeto bai gamsu ba. Ya je wurin Gogo, matar mamacin. Ta ɗauko tsohon katinsa na takarda. An rubuta gargaɗin, ranar haihuwa kuma ɗaya ga Janairu. Ta ce duk wanda ya gudo daga Madagali haka aka rubuta masa, don ba wanda ya tsaya ɗaukar takarda. Akwai ma wani Hamajoɗa Buba a Yolde Pate, tare suka yi rajista.

Sufeto ya nemi wannan a kwamfuta. Babu shi. Mutum biyu, kati ɗaya.

A Karewa ya sami Danny, mai kamfanin da aka ba kwangilar manhajar kwamfutar asibitin. Danny ya ce rabonsa da asibitin wata biyu.

"Maigadin asibitin ya ga motarka da azahar, ranar da aka yi rasuwar," in ji Sufeto.

"Gaisuwa na je, ranka ya daɗe."

"Wa ka gaisar, kwamfuta?"

Sai Danny ya faɗi gaskiya. AI, wato ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, ce ta rubuta manhajar cikin kwana uku. Duk inda suna da ranar haihuwa suka zo ɗaya, sai ta haɗe su, ta ajiye bayanan na ƙarshe. Haka gargaɗin ya ɓace. Da ya ji labari, ya je ya mayar da gargaɗin da hannunsa.

"Ka karanta abin da ta rubuta?"

"Tana aiki, sir. Ban ga dalili ba."

"Kati nawa ta haɗe?"

"Ɗari uku da wani abu."

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya sa masa ankwa, ya fita da shi. Sufeto ya aika a saki Keturah. Kafin ya shiga mota ya kira shugaban asibitin.

"Kada a sake yi wa kowa allura yau. Ku tambayi kowa da bakinsa maganin da jikinsa ba ya karɓa."