Kalmar da ke Saman Ƙofa

An gina sabon ɗakin karatu a wata makarantar firamare. Bangonsa fari fat, yana ta ƙanshin fenti. A saman ƙofa an rubuta da Turanci cewa an gina shi domin "posterity".

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ta fi kowa iya Turanci. Da aka fita hutu, sai yaran aji biyu suka kewaye ta.

"Yaya, mece ce waccan doguwar kalmar?"

Ba ta taɓa jin ta ba, amma ta ji kunyar ta faɗa. Ta dubi farkon kalmar, ta ce, "Ai fosta ake nufi. Bangon liƙa hotuna ne."

Washegari yaran suka zo da hotunan motoci da na 'yan ƙwallo. Suka manna su da gam, har kan taga.

Malamar Turanci ta gani, ta riƙe baki. "Wa ya sa ku?"

Duk suka nuna yarinyar.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa mata bokiti da soso. Yarinyar ta yi ta gogewa, fenti yana ɓarewa tare da takardun. Idonta ya cika da hawaye.

Malama ta tsuguna kusa da ita. "Kin san ma'anar kalmar?"

"A'a, Malama."

"Da haka kika ce jiya, ai da kin huta. Daga Latin ta fito, wani tsohon harshe. Asalinta yana nufin abin da ke zuwa daga baya. Ana faɗarta idan ana maganar mutanen da ba a haifa ba tukuna, wato 'ya'yanku da jikokinku."

Yarinyar ta dubi kujerun da ke cikin ɗakin. "Har jikokina za su zauna a nan?"

"Idan kun bar musu bango," in ji Malama tana murmushi.

A gida ta gaya wa babanta komai. Ranar Asabar ya zo da fenti, yaran aji biyu ma suka zo taya su.

Kafin a fara, ta tara su. "Ƙannena, abin da na faɗa muku ba daidai ba ne. Ban sani ba, na ƙaga."

Ta bayyana musu ma'anar gaskiya. Suka yi aikin a hankali, bango ya dawo fes.

Daga ranar ta gane cewa faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Wanda ya tambaya shi ke koyo, kuma shi ke da abin kirki da zai bar wa na baya.