Faifan Kyamara Ta Bakwai

Ƙarfe biyu na rana aka kira Sufeto zuwa babban filin wasa. An yi sata a motar da ake haɗa hotunan gasar guje-guje ta duniya, ana tura wa gidajen talabijin sama da arba'in.

Darakta ne ya tare shi a ƙofar motar, wani mai tumbi da ke son a ji muryarsa. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Faifai guda aka ɗauke, Sufeto, na kyamara ta bakwai. Ƙarfe biyar tashoshi ke jiran abin da ke ciki."

"Me ke ciki?"

"Ɗan tseren nan da ya yanke jiki ya faɗi da safe. A shirin kai tsaye mun kawar da hoton, haka ƙa'ida ta ce. Amma ta bakwai ta ci gaba da ɗauka, minti huɗu cur, har ya cika."

Ya faɗe shi kamar mai tallan kaya. Sufeto ya shiga ciki. Ba a ɓalle ƙofa ba. Ga fayafai goma sha ɗaya a jere, ga kwamfutoci masu tsada, ɓarawon ko kallonsu bai yi ba.

Makullin motar yana hannun matar da ke maimaita hotuna. Idanunta sun yi jawur.

"Na kulle, Yallaɓai, na tafi cin abinci."

Sufeto ya sunkuya ya jawo kular da ke ƙarƙashin teburinta, ya buɗe. Abincin ko cokali ba a sa masa ba.

"Wanne kika ci, Malama?"

Ta ce, "Minti goma na bar ƙofar a buɗe."

"Don wa?"

"Ku kulle ni in kun ga dama. Ba daga bakina ba."

Sufeto bai matsa mata ba. Ya juya wajen mai kula da sauti, ya tambaye shi ko ana naɗar maganar da Darakta ke yi wa masu kyamara a kunne. Ana naɗa. Mutumin ya kunna musu ta safe.

Muryar Darakta ta cika motar: "Bakwai, matsa kan fuskarsa. Matsa mana! Yau me ya same ka, hoton sai rawa yake?"

A ƙarƙashinta akwai wata murya ƙasa-ƙasa. Sufeto ya sa aka ƙara ta.

"Tashi, Auta. Don Allah ka tashi."

"Wa ke riƙe da ta bakwai?"

"Dutse muke ce masa," in ji mai sauti. "Shekara ashirin hotonsa bai taɓa girgiza ba."

Sufeto da Sajen da ya zo tare da shi suka sami Dutse a kwanar ƙarshe ta hanyar tsere, yana ta goge gilashin kyamarar da tsumma, alhali babu ƙura a kansa. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa.

"Ka san mamacin, Malam?"

"Yadda kowa ya san shi. A lambar da ke rigarsa."

"Takardar aiki ta nuna jiya kana kyamarar sama. Wa ya dawo da kai nan?"

"Darakta."

"Darakta ya ce kai ka roƙa. Wane ne Auta?"

Tsumman ya faɗi daga hannun Dutse. Ya zauna a kan akwatin kyamara.

"Ɗan yayata ne. A hannuna ya tashi. Na ɓoye, don in sun sani za su cire ni daga tseren, ni kuwa so nake in ɗauke shi da hannuna yana shan wannan kwanar." Ya share fuska. "Taku goma tsakaninmu, Yallaɓai. Yana kallona, bakinsa na cewa Kawu. Aka ce min matsa, na matsa. Shekara ashirin ana ce min matsa ina matsawa, hannuna bai san wani abu ba."

"Faifan fa?"

Ya buɗe jaka ya fito da shi, a farfashe. Da ƙafar kyamara ya daddake shi.

"Uwarsa ta san ya rasu, amma ba ta ga yadda ya rasu ba. Ba za ta gani ba. Sauran kuma ku yi yadda doka ta ce."

Saje ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Suna tafiya da shi sai ga Darakta da sauri, waya a kunne, fara'a har kunne.

"Sufeto, an dace! Ashe kwafi ya shiga babbar cibiya tun da safe. Sun ma tura wa tashoshi, ba su jira biyar ba." Ya dubi Dutse. "Kai kuma ka ajiye katin aikinka a ƙofa."

A duk shekarun aikinsa Sufeto bai taɓa jin sha'awar marin wanda ya kawo ƙara irin ta yau ba. Ya dai cusa hannu a aljihu.

A cikin motar 'yan sanda wayar Dutse ta yi ƙara a hannun Saje. Saje ya duba sunan, ya miƙa wa Sufeto, Sufeto ya miƙa wa Dutse a kujerar baya.

"Yayarka ce."

Dutse ya ɗauka. Muryarta ta fito, kowa na ji.

"Na gani. Kai ƙanen uwarsa, kana ina lokacin da ake ɗaukarsa haka?"