Wa Ya Rage a Gona?

"Japan?! Yaya Abdulghani, Japan fa ka ce?"

Bashira ta dafe ƙyauren gidansu na Ruwais, unguwar da ke bakin teku. Abdulghani ɗan kawunta Husaini masunci ne, kuma shi za ta aura bayan Hajji. Direba ne a wani kamfanin Japanawa masu haɗa injinan tace ruwan teku, yanzu kuma sun ce za su tura shi ƙasarsu koyon gyaran inji.

"Habibti, kwantar da hankalinki. Injiniya Morita na kamfaninmu ya ce su ma a da can manoma ne da masunta kamar mu. Yanzu samarinsu duk sun koma masana'antu, wasu kantuna, wasu ofis. Mu ma hanyar muka dosa, su dai nasu sauyin ya kusa kammala."

"To wa ya rage a gonar?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsofaffi..."

"Ka gani! Kawu Husaini hannunsa na karkarwa, amma kullum yana cikin kwalekwale. Kuma kai baƙo ne a ƙasar nan, iƙama gare ka, takardar izinin zama kawai, Yaya. In ka fita kafilin da ya tsaya maka ya juya baya, wa zai dawo min da kai?"

Ya juya ya tafi.

Ranar Alhamis iska ta taso da azahar. Masunta suka yi ta dawowa, ban da Kawu Husaini. Bashira ta tsaya bakin teku cikin mata, ba abin da take iya faɗa sai "Ya Latifu!" Tana kallo Abdulghani ya faɗa jirgin wani maƙwabci, igiyar ruwa ta ɓoye su. Sai ta ga kamar duka biyun za ta rasa.

Dab da magariba suka dawo da tsohon, jiƙe sharkaf, kwalekwalen ya nutse.

Abdulghani ya durƙusa yana kuka. "Halas, shi ke nan, Baba, na fasa tafiyar!"

Tsohon ya kamo kunnensa. "Ka fasa, ka gaji me? Abin gadon yana ƙarƙashin ruwa. Je ka koyo. Amma ba ka taka jirgi sai an shafa fatiha."

Ya juyo gare ta. "Ke kuma 'yata, kin yarda?"

Tsoron bai bar ƙirjinta ba. Hawaye na zuba ta gyaɗa kai.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a. Da zai tafi, a filin jirgi ta riƙe bakin rigarsa har sai da aka kira sunansa.

"Yalla, tafi..." ta ce. "Ni zan riƙe Baba."