Mai Bindigar Auna Zafi

Ranar da Auta ta fara ganinsa, a ƙofar gidansu ta tarar da shi ya saita wani abu mai kama da bindiga a jikin katangarsu.

"Malam, me kake aunawa? Tsayin da za ka haura?"

Ya yi dariya ya nuna mata na'urar. "Zafin bango nake aunawa. Ina cikin matasan da ke kare lambun unguwa. Gidajen da ke kusa da bishiyoyin sun fi naku sanyi nesa ba kusa ba."

Ba ta yarda ba, sai da ya ɗora na'urar a tafin hannunta. Tun daga nan ta laƙaba masa Mai Bindiga, shi kuma yake kiranta 'Yar Sanda. Kafin wata ya ƙare sun yi nisa.

Sai dai akwai matsala. Babanta ne shugaban 'yan kasuwar da ke neman a sare lambun a gina shaguna. Da labarin soyayyarsu ya iso masa yana cin abinci, sai ya ajiye cokali.

"Auta, ke yake so ko ni? Duk 'yan matan garin nan bai ga kowa ba sai 'yar shugaba?"

Wani dillalin filaye da ya daɗe yana nemanta shi ma ya ƙara gishiri. "Da zarar ya shawo kan Baba, ko ƙurarsa ba za ki ƙara gani ba."

Maganar ta zauna mata a zuciya. Idan Mai Bindiga ya tambayi lafiyar Baba, sai ta ji kamar bugun cikinta yake. Idan bai tambaya ba, sai ta ce wayo ne. Yarinya ta rame, kuma zafin garin bai taimaka ba. Ƙarshe dai ta tura masa saƙo:

"Faɗa min gaskiya. Ni kake so ko sa hannun Babana?"

Amsa ta zo nan take:

"'Yar Sandata, ina son lambun, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba zan taɓa roƙon ki ki yi wa Baba maganarsa ba. Bari a gama taron unguwa, za ki ga inda ƙafata za ta nufa."

A taron, ya tashi ya karanta zafin da ya auna titi-titi. Tsofaffi da masu jego suka mara masa baya. Baba ya yi iya ƙoƙarinsa, amma aka kayar da shi a gaban jama'a. Lambu ya tsira.

Auta ta shige ɗaki tana kuka. Mai Bindiga ya samu abin da yake nema, kuma ba ta hannunsu ba. Me zai dawo da shi gidan mutumin da ya kunyata?

Kashegari da rana tsaka aka yi sallama. Shi ne, da kawunsa biyu.

"Dariya kuka zo yi min?" in ji Baba.

"Baba, jiya na ɓata maka rai, ka yafe min. Yau ba ni da abin nema a wurinka sai Auta."

Auta na bayan labule, duk ta ji abin da ya ce.

Baba ya shigar da su falo yana cin magani. Babu wuta, fanka a tsaye, kwano ya ɗau rana. Ba a gama gaisawa ba gumi ya jiƙe kowa, babban kawun ya fara ganin jiri. Umma ta leƙo ta ce, "Ku fitar da bawan Allahn nan kafin ya faɗi mana."

Baba ya miƙe. Ya naɗe tabarma ya saɓa a kafaɗa. "Ku taso. Amma kada wanda ya ce min komai."

A inuwar lambun aka zauna, iska na kaɗawa. Nan Baba ya tsare saurayin da tambayoyi har ya gaji, sannan ya ce, "Yaron da ya iya ja da ni a bainar jama'a, ya kuma dawo ya durƙusa, ba mayaudari ba ne. Na ba ka. Allah Ya yi muku albarka."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "An rufe bincike, 'Yar Sanda?"

Ta share hawaye ta rubuta: "An rufe. Hukuncinka zama da ni har abada."