Gayyar Gonar Malam Isyaku

Raudatu na tankaɗen garin masara a tsakar gida, Gwaggo ta faɗo ba ko sallama.

"Albishirinki! Babanki ya tsayar da gayya. Asabar Awaisu zai kawo abokansa su yi masa huɗa, daga nan sai sa rana!"

Rariya ta suɓuce mata. Duk Gozaki an san Awaisu da tseren keke, tun yana yaro kullum yana kan titin Malumfashi yana atisaye. Abin da ita kaɗai ta sani shi ne likita a Funtuwa ya ce wahalar ta yi wa zuciyarsa yawa, bugunta ya rikice, yanzu ta yi gudu, an jima ta yi tsallake. An hana shi keke, an hana shi aikin ƙarfi. Malam Isyaku kuwa ba ya ba rago 'ya, kuma a gayya saurayi ne ke jan gaba.

Da Awaisu ya zo zance da la'asar, da kuka ta tare shi.

"Don Allah kar ka riƙe galmar nan."

"Haba Raudatu, huɗar wuni ɗaya ce fa! Ki rufa min asiri kawai, filis."

"In ka faɗi fa?"

"In ban je ba, na rasa ki."

Ranar Asabar ta kai kunu gona. Makaɗi na ta zuga Awaisu, yana can gaba, amma ta ga leɓensa ya yi fari, yana dafe ƙirji a sace. Ta dire ƙwarya ta zube gaban mahaifinta.

"Baba, ku tsayar da shi! Ciwon zuciya gare shi, likita ya hana shi!"

Ganga ta yi tsit. Malam Isyaku ya je da kansa ya karɓe galmar.

"Je ka inuwa, yaro, Allah ya ba ka lafiya. Amma ba zan aurar da 'yata don ta zo ta yi takaba ba."

Gwaggo ta roƙa, dangi sun roƙa, tsoho ya kafe. Abin da ya fi ƙona wa Raudatu rai, Awaisu ma ya daina amsa wayarta, wai ta kunyata shi gaban tsara. Ta yi kuka har ta gaji, ta haƙura.

Yanzu yana tsaron shagon taki a Dayi, yana shan maganinsa. Ranar kasuwa takan hango shi daga cikin mota, ya yi ƙiba, yana dariya da mutane. Sai ta goge ido ta yi hamdala.

'Yan'uwa, ba kowane so ke kai mutum ɗakin aure ba. Mai ƙaunarka da gaske ya fi son ka yi fushi da shi kana numfashi.