Rantsuwar da Yero Ya Ƙi Yi

Hamsatu na tsakar gida tana tsintar shinkafa Goggo Mariyamu ta faɗo ko sallama babu.

"Ke, albishirinki! An ce mijinki Yero ya bar shan ƙwayar asibiti wata bakwai, ya yi ɓul-ɓul. Ya warke!"

"To," in ji Hamsatu, ba ta ko ɗago ba.

Wata goma ke nan Baffanta ya ɗauko ta ya maido gida Kende, tun da aka ji mijinta na da cuta mai karya garkuwar jiki. Ita an gwada, ba ta da ita. Kuka kam ta yi shi har ya ƙare, yanzu ko daɗi ko zafi ba ta ji.

Bayan la'asar Baffa ya sa aka kira Yero zaure, ya ajiye Alƙur'ani gabansa. Hamsatu na bayan ƙyaure.

"Dafa ka ce ka warke, ka tafi da matarka yau."

Yero ya girgiza kai.

"Ban warke ba, Baffa."

"Kai, wane irin sakarai ne wannan!" Goggo ta yi caraf daga ciki. "Ana ba ka kana roƙo?"

"Gwaji ne likitoci ke yi, Goggo. Dirif suka sa muna mai sojojin garkuwar jiki, su ga ko jiki zai riƙe cutar ba ƙwaya. Duk mako biyu sai an ɗebi jinina. Ran da rizal ya nuna ta motsa, zan koma ƙwayata. Hamsatu ma akwai maganin kariya da za ta sha. Ina son matata, wallahi, amma ba zan ɗauke ta da ƙarya ba."

Ya miƙe ya laluba takalmansa. Hamsatu ta ji zuciyarta tsit, shi ke nan kuma.

"Zauna," in ji Baffa. "Na aika asibiti an bincika mani, na san babu batun warkewa. Da ka dafa, da ka bar ganin ɗiyata har abada." Ya juya wajen ƙyaure. "Hamsatu, mi kika ce?"

Sai a lokacin hawaye suka zubo mata.

"Mijina nike so, Baffa."

Haƙuri ya yi rana. Ku ji, 'yan mata da samari: mai faɗa maka ciwonsa alhali ƙarya za ta fisshe shi, shi ne abokin zama.