Man Goge Baki a Kan Firosesa

Hajiya Mariatu ta shigo caji ofis da safiyar Juma'a tana huci, mayafinta na jan ƙasa. Tana da shagon haɗa bidiyon biki a unguwar Maamobi, kuma duk layin an san ba ta iya magana a hankali ba.

"Ofisa, Rauf ya cuce ni! Na ba shi ya sa wa kwamfuta na na'urar sanyaya ta ruwa. Kwana uku yana aiki lafiya, yau minti biyu sai ya mutu. Na duba, firosesan da ke ciki ba nawa ba ne, wani tsoho ne!"

Sufeto Iddrisu bai san firosesa ba sai da aka ce masa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Amma ya san Rauf, mai gyara ne a Nima, shekara goma sha biyu ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Ga shi yanzu an kamo shi yana tsare a bayan kanta, Hajiya ta riga ta kira shi ɓarawo a gaban maƙwabta, Litinin kuma sai kotu. Abin bai kwanta wa Sufeto ba, ya ƙudura sai ya gani da idonsa.

Ya tasa Rauf a gaba har shagon Hajiya, ita da wani kofur suna biye. A can suka tarar da Fatawu, ƙanin mijin Hajiya, wanda ke ɗauko mata bidiyo.

"Wa ke da makullin shagon nan?" in ji Sufeto.

"Ni da Hajiya," in ji Fatawu. "Amma ni kyamara na sani, Ofisa. Ban taɓa leƙa cikin wannan akwati ba."

Rauf ya buɗe murfin kwamfutar, ya kunna, ya ɗora yatsa a kan bututun roba.

"Ruwa ba ya tafiya. Fanka na juyawa, famfo shiru." Ya bi wayar da ido. "An soke ta a inda ba wurinta ba. Ni ba na haka, Ofisa."

"Kowa haka yake cewa. Kwance mu gani."

Rauf ya sa sukudireba a kusar farko, ta ƙi motsi. Ya ƙara ƙarfi.

"Chale, abokina, danna shi ƙasa tukun, wannan yana cijewa," Fatawu ya ce daga bakin ƙofa.

Sufeto bai ko waiwaya ba. Kusar kuwa ana danna ta ta saki.

Da kan na'urar ya ɗago, sai wani ƙamshi ya tashi. Rauf ya lakato farin abin da ya bushe a kai, ya miƙa wa Sufeto yatsa.

"Man da muke shafawa a nan launinsa ruwan toka ne, ba ya ƙamshi. Shi ke kai zafi wajen ruwa. Wannan man goge baki ne."

Sai a lokacin Sufeto ya juya.

"Fatawu, kai da ba ka taɓa leƙawa ba, wa ya gaya maka kusar nan tana cijewa?"

"Na... na ga Rauf ranar da ya ɗaura."

"Ranar kana Tamale wajen biki," in ji Hajiya, muryarta ta yi ƙasa a karon farko.

A aljihun jakar kyamararsa aka sami firosesar Hajiya, naɗe cikin hankici. Fatawu ya zauna daɓas. Ya ce shago yake son buɗewa na kansa, ya gaji da zama ɗan aike a gidan wansa. Da ya goge tsohon man bai sami wani ba, ya ga ai mai mai ne.

Kofur ya sa masa ankwa ya fita da shi. Kunya ta rufe Hajiya, ta kasa kallon Rauf.

"Ka yafe ni, ɗana. Zo ka gyara, ko me ka ce zan yi."

Rauf ya tattara kayan aikinsa cikin jaka.

"Zan gyara, Hajiya. Amma a tsakiyar layi kika kira ni ɓarawo, uwata tana ji. Mu je can tukun."